Yadda ciwon haƙori ke lashe dukiya a asibitocin Amurka

Ƙididdigar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta nuna cewa a shekarar 2012 masu ciwon haƙori sun je sassan gaggawa na asibitocin ƙasar fiye da sau miliyan 2. Wannan ya ci kimanin dala biliyan 1.6, watau wajen dala 750 a kowane zuwa.

Tushen al'amarin yana cikin tsarin biyan kuɗin magani. Wata doka ta 1986 ta wajabta wa yawancin asibitocin ƙasar duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Likitan haƙori kuwa babu irin wannan tilas a kansa. Bugu da ƙari, ainihin shirin Medicare na tsofaffi ba ya biyan kuɗin gyaran haƙori na yau da kullum, a shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuma kowace jiha ce ke yanke abin da za ta biya wa manya. Saboda haka marar hali yakan daure har ciwo ya ci ƙarfinsa, sa'an nan ya nufi asibiti.

Sai dai akasarin sassan gaggawa ba su da likitan haƙori. Abin da akan ba majiyyaci shi ne maganin rage raɗaɗi da na kashe ƙwayoyin cuta, a sallame shi da ruɓaɓɓen haƙorinsa. Ciwon ya lafa, ya sake tashi, a sake biya.

A shekarar 2007 wani yaro ɗan shekara 12 daga jihar Maryland ya rasu bayan cutar haƙori ta kai ga ƙwaƙwalwarsa. Jinyarsa ta ci kimanin dala dubu 250, alhali cire haƙorin bai wuce dala 80 ba. A 2009 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta sanya kula da haƙori cikin shirin inshorar lafiyar yara.

A Nijeriya ma dokar lafiya ta 2014 ta hana ƙin karɓar majiyyaci na gaggawa, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Ya kamata mai kamfanin da zai yi wa ma'aikatansa inshora ya bincika ko ta haɗa da cikewa da cire haƙori, domin a nan sauƙin kuɗi yake.