Daga Ina Hasken Talabijin Ɗinka Yake Fitowa?

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a yau zai tarar da kwalaye a jere, wannan an rubuta masa LED, wancan QLED, na kusa da shi OLED, farashi kuwa ya yi hannun riga. Haruffan sun yi kama da juna, shi ya sa mai saye ke ruɗewa. Tambaya ɗaya ce ke warware zancen: daga ina hasken hoton yake fitowa?

Hoton talabijin tarin ƙananan ɗigo ne. Wadda ake kira 4K tana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan. A wasu talabijin, kowane ɗigo shi ke samar da haskensa. A wasu kuwa akwai fitila a baya, aikin ɗigon kawai ya tare hasken ko ya bar shi ya wuce.

Talabijin ɗin da ake kira LCD tana cikin kashi na biyu. Tsakanin gilasanta akwai wani sinadari wanda ba ruwa ba ne sosai, ba kuma daskararre ba. Wani masanin tsirrai ɗan Austiriya, Friedrich Reinitzer, ya fara lura da irinsa a 1888. Idan lantarki ya taɓa shi sai ƙwayoyinsa su juya, su buɗe wa haske hanya ko su toshe. Kamar taga ce da aka kunna fitila a bayanta, kome rufewarta sai haske ya ɗan zuraro. Dalilin da ya sa baƙin LCD ke zama toka-toka idan an kashe wutar ɗaki ke nan.

Talabijin ɗin da ake sayarwa da sunan LED ita ma LCD ce. Fitilar baya kawai aka sauya, aka cire dogayen ƙwayaye na da, aka sa ƙananan LED marasa cin wuta. QLED ɗin da Samsung ya fara tallatawa a 2017 haka take, sai dai an ƙara mata shimfiɗar wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ƙara wa launi kaifi. Ba abin rainawa ba ne, don masana uku da suka yi aiki a kan ƙwayoyin sun sami kyautar Nobel a 2023, amma fitilar baya tana nan. Mini-LED kuwa dubban ƙananan fitilu ne da aka kasa rukuni-rukuni, ana dusashe na inda hoton ya yi duhu.

Filasma ta kashi na farko ce. A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro ta a 1964. Kowane ɗigo ɗan ɗaki ne cike da iskar gas da lantarki ke kunnawa. Hotonta na da kyau, musamman wajen ƙwallo, amma tana da nauyi da zafi da shan wuta. Panasonic da Samsung da LG duk sun fita daga harkarta zuwa ƙarshen 2014. Har yanzu mutanenmu na kiran duk talabijin ta bango filasma, to idan ta gaske ce aka miƙo maka, ka san ta haura shekara goma, kuma batirin sola ba zai ji daɗinta ba.

OLED ce ta gaje ta. Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka aza harsashinta a 1987, Sony ya fitar da talabijin ta farko mai inci 11 a 2007, LG ya biyo da mai inci 55 a 2013. Ba ta da fitilar baya. Inda hoto ya yi baƙi, ɗigon mutuwa yake yi gaba ɗaya, kuma ko daga gefe mutum ya zauna launi ba ya koɗewa. A ɗaki mai duhu ba ta da na biyu. Aibinta, ban da tsada, shi ne abin da ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo, kamar tambarin tasha ko akwatin da ke nuna ci da minti. A ganina mai gidan kallo da ke yini a tashar wasanni ɗaya bai da dalilin kai kuɗinsa can. LED mai haske sosai ta fi masa, haka ma mai falon da rana ke shigowa.

Fitilar bayan nan tana da wata fa'ida, wato tana gyaruwa. Sau da yawa idan LED ta koma sauti ba hoto, fitilun ne suka ƙone. Mai gyara kan haska tocila a jikin gilashin, idan ya hango hoto dishi-dishi sai ya sauya layin fitilun, talabijin ta dawo aiki. OLED kuwa idan fuskarta ta lalace sai an sauya ta ɗungurungum, kuɗin kuma ya kusa na sabuwa.