Cinikin Shuke-shuken Ɗaki da Ƙasashen Turai

Mutanen Turai, saboda tsananin sanyin ƙasarsu, sukan ajiye shuke-shuke cikin tukwane a ɗaka domin ado. Babbar kasuwar wannan ciniki tana Aalsmeer, ƙasar Holan, inda ake tara kaya daga ƙasashe masu zafi, kamar Kenya da Kosta Rika, sa'an nan a rarraba.

Har an ƙera na'urori masu auna damshin tukunya su sanar da mai ita ta waya, waɗansu ma su yi ban ruwa da kansu. Wannan kam rabon masu masana'antu ne. Rabon manomi yana wajen shukar. Ga moda, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, Turawa suna sonta ƙwarai, gama tana jimre ƙishirwa da ƙarancin haske.

Amma mai niyyar fitar da ita ya lura. Bisa dokar da ta fara aiki ran 14 ga Disamba 2019, shuka ba ta shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyarta, ƙasar gona kuwa an hana shigar da ita. A Nijeriya hukumar NAQS ke duba kayan, ta ba da takardar.