Ciwon Kai ga Mai Juna Biyu: Saƙon da Ƙwaƙwalwa Ke Aikowa

Abu ne da malaman jinya suka saba gani a ɗakin haihuwa. A kawo yarinya mai cikin fari daga wani ƙauye na Kaugama cikin dare, tana jijjiga, ta tauna harshenta. Idan aka tambayi uwar miji yaushe abin ya fara, sai ta ce yau ne kwatsam. Amma da an matsa da tambaya sai a ji cewa kwana uku ke nan tana kukan ciwon kai, fuskarta ta kumbura, zobe ya matse mata yatsa. Ashe jiki ya daɗe yana magana, ba a dai saurare shi ba.

Wannan ciwo shi ne jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya. Ciwo ne na jini da ƙwaƙwalwa, kuma yana da magani.

Yadda ƙwaƙwalwa ke aiki da jiki

Ƙwaƙwalwa ita ce mai ba da umarni. Ta lakar baya da jijiyoyi take aika saƙo ga hannu da ƙafa, ita ke tsara numfashi da bugun zuciya ko mutum yana barci. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita. Jini ne ke kai mata wannan iska, don haka ba ta son jinin ya yi kaɗan, ba ta son ya zo da ƙarfi fiye da kima.

Manoman fadamar Hadejia sun san wannan lissafi. Ruwa in ya bi hanyarsa a hankali shinkafa ta yi kyau, in ya fi ƙarfin jinga sai ya ɓalle ya cinye gonar. Haka ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suke. Sukan tsuke ko su buɗe don daidaita jinin da ke shigowa. Idan jini ya hau sosai sai su gaza, ruwa ya tsattsafo, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan ya fi faruwa a ɓangaren ƙeya, inda ake sarrafa gani. Shi ya sa mace kan ce tana ganin walƙiya ko hazo-hazo kafin jijjiga ta zo.

Daga ina hawan jinin yake?

Tushen matsalar yana wajen mabiyiya. Idan ba ta kafu da kyau a jikin mahaifa ba, takan saki wasu sinadarai da ke lalata jijiyoyin jinin uwa. Bayan mako 20 na ciki sai jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, hanta ma ta taɓu, jariri kuma ya kasa samun isasshen abinci. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mai cikin fari, mai ƙarancin shekaru ko wadda ta haura 40, mai cikin tagwaye, mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda tun da farko, da wadda ta taɓa yin ciwon a wani ciki.

Na'urorin da ke gano shi

Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama, sai an auna.

Na'urar awon jini: Cikin minti biyu take faɗin gaskiya. Idan awo ya kai 140/90 ana bukatar kulawa ta musamman. Idan ya kai 160/110 ba a kwana a gida. Akwai ma irin da ake kira CRADLE, wadda ke nuna fitila kore ko rawaya ko ja, don ma'aikacin lafiya na ƙauye ya san wadda zai tura babban asibiti.

Tsinken gwajin fitsari: Yana canza launi idan akwai furotin.

Hoton ciki: Yana nuna shekarun ciki, ko tagwaye ne, da yadda jariri ke girma. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo aƙalla sau 8, a kuma yi hoto sau ɗaya kafin mako 24.

Allurar da ke kwantar da jijiyoyi

Maganin jijjiga shi ne allurar magnesium sulphate. Wani babban bincike mai suna Magpie, da aka yi kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 aka kuma wallafa a 2002, ya nuna cewa tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A nan gida, da aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano a 2008, mace-macen masu wannan ciwo sun ragu daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.

Idan kin ga malamar jinya tana ɗan buga miki gwiwa da ƙaramar guduma, tana duba yadda saƙo ke zuwa laka ya dawo ne, don ta tabbatar maganin bai yi yawa ba. Za ta kuma ƙirga numfashi, ta auna fitsari. Ana haɗawa da maganin saukar da jini, amma cikakkiyar waraka sai an raba uwa da ciki. Don haka idan likita ya ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki, maigida ya daure ya sa hannu da wuri.

Alamomin da ba a jira da su

1. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani.
2. Ganin walƙiya, hazo ko duhu.
3. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ciki na sama, da amai.
4. Kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya.
5. Raguwar fitsari ko raguwar motsin jariri.

Ciwon kan iya zuwa bayan haihuwa, musamman a kwana biyun farko, har zuwa mako 6. Mai jego ma a sa mata ido.

Idan jijjiga ta zo a gida

A kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da wuta da abin da zai ji mata rauni. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a turara mata hayaƙi. A yi addu'a a kan hanya, amma a kama hanyar nan take.

Ga mutanen Kaugama da maƙwabtansu, a tuna watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa kan yanke hanya. Tun ciki na wata bakwai maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar direba, ya san hanyar da za a bi zuwa Babban Asibitin Hadejia. Wadda aka ce jininta ya hau, gara ta koma gidan dangi kusa da asibiti kafin hanya ta ɓaci.

Allah Ya sauke ku lafiya, amin.