Man Giya: Abin Da Masu Ƙananan Motoci Ke Mantawa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mai mota ya sauya a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Jama'a da dama suka jingine manyan motocinsu masu silinda shida, suka koma neman wadda ba ta shan mai: Toyota Yaris da 'yar'uwarta Vitz, Kia Picanto, Hyundai i10, Nissan Micra, Honda Jazz, har da tsohuwar Peugeot 206. Galibinsu injinsu bai wuce lita 1.0 zuwa 1.5 ba. Suna shiga lungu, suna samun wurin ajiyewa a bakin kasuwa, kuɗin tayarsu da na baturinsu ma da sauƙi.

Sai dai wanda ya sayi ƙaramar mota don tsimi yakan zuba ido a kan abu biyu kawai, fetur da baƙin mai. Baƙin mai kowa ya san da zamansa. Ko direban da ya fara tuƙi jiya ya san ana juye shi. Man giya kuwa shiru yake yi, ba ya ƙonewa ya fita ta salansa, a yawancin waɗannan motoci ma babu fitilar da za ta kama ta ce ya tsufa. Ranar da ya yi magana, yawanci ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma kuɗin sayen giya ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka na iya cinye duk abin da aka tara na rarar fetur.

Tambayar farko da ya kamata mai mota ya iya amsawa ita ce: wace irin giya ce a motata? Mutane sun saba raba su biyu, ta hannu da otomatik, alhali a ƙananan motoci iri huɗu ne ke yawo a titi, kuma kowace da abincinta.

Ta hannu ita ce mai haƙuri. Manta yawanci kusan lita biyu ne a irin waɗannan motoci, aikinsa kawai ya jiƙa haƙoran giya da boris, kuma yakan kai kilomita 60,000 zuwa 100,000 kafin a juye. Inda ake cutar da ita shi ne a ɗura mata mai kaurin nan na 140 da ake zuba wa difaran na manyan motoci, wai don "ya fi riƙo". Ƙaramar giya mai sirantaka take so, irin 75W-80 ko 75W-90. A kuma duba jikin galan: idan littafin mota ya ce GL-4, kada a maye shi da GL-5 don lambar ta fi girma. GL-5 ya fi yawan sinadarin farar wuta, wanda ba ya shiri da zobban tagullar da ke sa giya ta shiga lami lafiya. Alamar ita ce giya ta biyu ta soma gardama da safe, ko ta yi ƙara in an saka ta.

A otomatik al'amarin ya fi nauyi, domin a nan mai ba jiƙa ƙarfe kaɗai yake yi ba. Shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin wata tukunya da ke zaune a gurbin kulochi. Shi ne ke bi ta ƙananan hanyoyi da matsi ya danne faifayen da kanikawa ke kira faiba, giya ta canza. Shi ne kuma ke kwashe zafi. Saboda haka kowane kamfani ya auna santsin man da faibarsa ke buƙata, ya ba shi suna. Toyota na da T-IV, daga baya ta fito da WS wanda ya fi shi tsinkewa. Kia da Hyundai masu giya huɗu SP-III suke sha. Honda na da Z1, wanda DW-1 ya gaje shi. Otomatik ɗin Peugeot 206, wato AL4, da ta yi ƙaurin suna a garejinmu, LT 71141 aka tsara mata, kuma ina ganin wani kaso na baƙin jinin da ta yi alhakin man da aka riƙa ɗura mata ne. Dexron, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya fito da shi tun 1967, shi ne ya fi cika shaguna, shi ya sa yaron shago zai miƙo shi ya ce, "Alhaji, ai duk ja ne." Jan nan rini ne aka zuba don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga a ƙasa. Ba ya nuna komai game da abin da ke cikin galan.

Ta uku ita ce CVT, kuma ita aka fi yi wa kisan gilla. Daga waje ba ta da bambanci da otomatik, P da R da N da D ne dai. A ciki kuwa babu giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa. Bel ɗin yana buƙatar man da zai bar shi ya kama fulin ba tare da zamewa ba. In aka zuba man otomatik na gama-gari, sai ya riƙa sulɓewa yana kartar fulin, kuma wannan karta ba ta gyaruwa da sauya mai. Vitz da yawa da aka ƙera wa kasuwar Japan daga 2005 CVT gare su, mansu TC ko FE, alhali Yaris ɗin Amurka ta wannan zamani otomatik ce mai giya huɗu. Mota ɗaya ce a ido, mai daban-daban. Nissan na amfani da NS-2 da NS-3, kuma NS-2 kore ne ma, ba ja ba. Jazz ta farko, wadda ta fito a 2001, an san ta da karkarwa lokacin tashi idan manta ya tsufa.

Ta huɗu giyar hannu ce da kwamfuta ke taka wa kulochi, kamar MMT da ke cikin wasu Yaris da Aygo na Turai. Ba ta da fedar kulochi, amma man giyar hannu take sha.

To yaushe ake juyewa? A nan ne za a ji maganar nan cewa kamfani ya ce man na har abada ne. Gaskiya ne wasu littattafan motoci sun faɗi haka, amma da yawansu suna da jadawali na biyu, na "aiki mai tsanani": zafi, ƙura, gajerun tafiye-tafiye, tsayuwa da tashi a cunkoso. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a Hanyar Zariya ko Mararaba da azahar a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, ya san a wane jadawali yake. Man otomatik yana jin daɗin aiki a kusan digiri 80, kuma ƙa'idar da masana mai ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurin lalacewarsa. A irin yanayinmu, kilomita 40,000 zuwa 60,000 ya isa ga otomatik da CVT. Mai motar Amurka ya tuna agogonsa mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Agogon motar da aka shigo da ita ma ba abin rantsuwa ba ne, domin ana juya shi baya. Wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba, ya duba man tun makon farko.

Akwai kanikawan da za su rantse cewa juye man giya ne ke kashe ta. "Maigida, tunda tana tafiya, a bar ta." Ba ƙarya zalla suke yi ba, sun ga hakan ya faru. Abin da ke faruwa shi ne, giyar da aka yi shekaru ba a taɓa ba, faibarta ta riga ta cinye, garin faibar yana yawo cikin tsohon man yana ba ta ɗan riƙo. Da an zuba sabon mai, riƙon ya tafi, sai zamewar da ke ɓoye ta fito fili. Cutar tsohuwa ce, sabon man tona ta ya yi. Shi ya sa idan mai ya koma baƙi ƙirin yana warin ƙuna, mota kuma ta soma jinkirin ɗaukar giya, kada a yi mata wanki da na'ura mai matsi. A kwance noti a tsiyaye abin da ya fito, a mayar da daidai adadinsa. Wannan hanya lita biyu zuwa uku kawai take fitarwa daga cikin shida ko bakwai, sauran yana cikin tukunyar nan da bututai, don haka akan maimaita bayan ɗan lokaci. In an sauke kaskon ƙasa, a share maganaɗisun da ke ciki: laushin toka-toka ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa labari ne marar daɗi.

Awo ma da ƙa'idarsa. A yawancin motoci masu sandar awo, sai mota ta yi zafi, a tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a dawo P, a zaro sandar alhali inji na aiki. Honda ta saɓa: ita kashe inji ake yi a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu sababbin ba su da sanda ko kaɗan, ta wani noti ake gane cikarsu a wani zafi da aka ƙayyade, aikin gareji mai na'ura ke nan. Cikawa fiye da ƙima ba alheri ba ne, kumfa man zai yi, matsi ya ragu. Ga mai giyar hannu kuma, a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi motsi.

Bayan zafi, ruwa shi ne ɗaya abokin gabar. A otomatik da yawa man yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. In bututun ya fashe, mai ya gauraya da ruwa ya koma kamar kunun gyaɗa, faiba kuma ta soma ɓarewa. Haka idan ƙaramar mota ta kutsa cikin ambaliyar Agusta, ruwa na iya shiga ta ƙofar numfashin giya. Duk man da aka ga ya yi fari-fari, a juye shi a ranar.

Wajen saye, araha ba ta ado. Jabun mai ya cika kasuwa, har da tsohon galan da aka sake cikawa aka liƙe. A sayi rufaffe daga dila sananne, a karanta lambar da ke jikinsa da ido, a tsaya a ga an fasa shi an zuba, sannan a rubuta kwanan wata da lambar agogo a ajiye tare da takardun mota. Idan kuma otomatik ta mutu a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin gaba na ƙasa: famfon da ke zagaya da mai da inji yake aiki, inji a kashe kuwa giyar a bushe take juyawa. A ɗaga gabanta, ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota.