Alƙalami, Tawada da Takarda: Rubutun Alƙur'ani da Hannu a Ƙasar Kelle

Rubuta Alƙur'ani da hannu tsohuwar sana'a ce a ƙasashen da ke tsakanin Damagaram da tafkin Chadi. Kelle, da ke arewa da Gure a gindin duwatsun Kutus, tana cikin wannan yanki, wanda ya daɗe a ƙarƙashin inuwar daular Barno. Daga can ne tsarin karatun allo ya samo kamanninsa, har kalmomin tsangaya da gwani ma daga bakin Barebari Hausa ta aro su. Salon hannun da almajiran yankin suka gada shi ne wanda masana ke kira Barnawi: haruffa masu kauri da nauyi, zaunannu daram a kan layi, ɗigon fa a ƙasa, na ƙaf guda ɗaya a sama, bisa ruwayar Warshu. Wani tsohon Alƙur'anin Barno da aka bincika yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, shaidar cewa salon ya haura shekara 350.

Hannu a kan allo yake nuna. Yaro yana rubutawa, ya haddace, ya wanke, ya sake, shekara da shekaru, kafin a yarda masa ya taɓa takarda. Wanda ya kai ga rubuta izu sittin da ka, ba tare da duba kowane littafi ba, ya shiga sahun da ake girmamawa a tsangaya, kuma sai alarammomi sun bi rubutun aya bayan aya sun gyara kafin a karɓe shi.

Kusan dukan kayan aikin daga daji da gona suke fitowa. Alƙalami na gamba ne ko na kara. Ana fere shi da wuƙa mai kaifi, a tsaga bakinsa kaɗan domin ya riƙe tawada, kuma faɗin bakin shi ke yanke kaurin harafi. Tawada iri biyu ce, kuma bambancinsu ne ginshiƙin zancen takarda. Ta allo gawayi ne niƙaƙƙe da ƙaro, tana zama a saman itace, ruwa na taɓa ta ta fita. Ta takarda kuwa daga 'ya'yan bagaruwa ake dafa ta tare da ƙarfe ko kashin maƙera, a zuba ƙaro don ta kama jiki. Wannan tana shiga cikin takarda, tana ƙara duhu idan ta sha iska, ba ta wankuwa. Ƙaro ba baƙo ba ne a ƙasar Gure, domin dakwara na cikin itatuwan gabashin Nijar. Bayan baƙin rubutu ya bushe sai a bi shi da jan wasali, a ɗiga rawaya a kan hamza, kore a kan alifin sadarwa, sannan a zo kan alamomin aya, kumsa da kuri, da zayyanar da ke raba sumuni, rubu'i da izu.

Takarda ce kaɗai ba a yi a gida. Daga ƙarni na 18 zuwa farkon na 20, mafi yawan wadda malaman Barno da ƙasar Hausa suka yi rubutu a kai daga arewacin Italiya take, ta sauka Tarabulus ko Masar, raƙuma su ratso da ita ta Fezzan da Bilma. Mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, kuma gidan Galvani na yankin Pordenone na cikin manyan masu yin ta. Tambarin ba ya ganuwa sai an ɗaga fallen an haska shi da rana; a nan ne watannin uku za su bayyana a jere, tare da siraran layukan da rariyar masana'anta ta bari. Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma ratsa Gure a 1852, ya ga irin wannan takarda da yawa a kasuwar Kano, har da ita ake naɗe tufafi. Da tsummokaran auduga da lilin aka yi ta, shi ya sa littattafan da aka rubuta a kanta suka kai yau ba su ruɓe ba.

Marubucin yau yana zaɓe ne a cikin takardun masana'antun zamani, kuma yawancinsu da niƙaƙƙen itace ake yin su. Abu na farko da yake dubawa shi ne yadda takarda ke shan tawada. Yakan ja harafi ɗaya mai kauri a gefen falle, ya jira. Idan bakin harafin ya yi gashi, tawada ta nashe ta bi zaren takarda, wannan ba ta aikin ba ce. Idan tawadar ta tsaya a sama ta ƙi bushewa, takardar ta cika santsi, hannun riga kawai zai share aikin yini. Sai ya juya bayan fallen. Salon Barno yana zuba tawada da yawa, kuma gaba da baya ake rubutu, don haka takardar da ba ta da kauri za ta nuna inuwar wancan shafi a wannan, mai karatu ya rikice tsakanin ɗigo da ɗigo. A littafin da ɗigo ɗaya ke sauya harafi, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Akwai kuma fuskar takarda. Mai kaushi tana cin bakin alƙalami, tana tsinka jan layi. Shi ya sa magabata kan goge falle da abu mai sulɓi kafin su fara. Launi ma ana lura da shi: mai ruwan madara ta fi fara fat sauƙi ga ido, ja da rawaya kuma sun fi fitowa a kanta. Takardar littafin 'yan makarantar boko da ta jarida suna da tsami a jikinsu, shekaru kaɗan su yi ja su dinga karyewa, balle an haɗa su da tawadar ƙarfe wadda ita kanta takan ci takarda idan an tsananta haɗinta. Asara ce babba mutum ya ba da watanni na ransa a kan fallen da ba zai kai ga jikokinsa ba, kuma kuɗin takarda mai kyau bai kai wahalar rubutun ba. Mai hankali kan sayi abin da zai ishe shi littafin duka a lokaci guda, domin kada rabin Alƙur'ani ya bambanta da rabi.

Ba a ɗinke irin wannan Alƙur'ani. Falle-falle ake barinsa, ana rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata don kada jeri ya ɓace. Ana haɗa shi cikin tadarishi na fata, a ɗaure da igiya, a sa a gafaka. A ƙasa irin ta Kutus bushewar iska na taimakon takarda, amma ƙurar hunturu, yoyon ɗaki da damina da kuma gara suna iya lalata ta, don haka ake rataye gafaka a bango nesa da ƙasa, ana buɗe littafin lokaci-lokaci ana kakkaɓe shi.