Agogon Da Ya Fi Mai Shi Kiyaye Lokaci

A shekarar 1983 ne kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fito da agogon G-Shock, bayan injiniya Kikuo Ibe ya ƙudiri aniyar ƙera agogon da zai faɗo daga tsayin mita 10 bai lalace ba. Yau ire-irensa sun cika hannayen ɗalibaina: wani na nuna gabas da yamma, wani na auna bugun zuciya da yawan takun da mutum ya yi.

Ni ma ina ɗaura guda, domin yana jure ƙurar hunturu da ruwan alwala. Sai dai mai saye ya lura, alamar 30M kariya ce daga fantsamar ruwa kawai. Mai iyo ya nemi 100M zuwa sama.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibin da agogonsa ke ƙirga daƙiƙa ba kuskure, shi ke shigo mini aji a makare da minti 20. Domin mahaya duwatsu da 'yan tsere aka ƙera irin waɗannan agoguna, mutanen da daƙiƙa ɗaya ke da daraja a wurinsu. Mu kuwa mun mayar da su kayan ado. Duk wanda ya ɗaura agogon da ba ya saɓawa, ya kamata ya ji kunyar saɓa alkawari.