Ɗana Ya Wuce Shekara Biyu Bai Fara Magana Ba, Mu Jira Ko Mu Je Asibiti?

TAMBAYA: Daga Horo Birni nake. Matata shekararta 17, ɗanmu na fari ya wuce shekara 2 bai ce ko "baba" ba. Inna ta ce nauyin baki ne, a jira. Uwar ta damu, amma kunya ta hana ta magana.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka jira. Yi masa addu'a, domin Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah a kan harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Amma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Kula da lafiyar yaro kuwa nauyi ne a kanka.

Galibi ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu. Idan babu ko ɗaya, kunne ake fara dubawa, don wanda bai ji ba ba zai faɗa ba. Sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da kunne mai zubar da mugunya duk suna taɓa ji. Fara da asibitin Bodinga, ka nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. In an sami raunin ji, ka tambayi na'urar ƙara ji da masu koyar da furuci. Idan ya tasa, akwai makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman.

Ka tafi da uwar, kada a bar ta a gida a tura kaka. Ita ta san yadda naƙuda ta kasance, da zazzaɓin da ya yi, da ko yana waiwayowa in an kira shi ta baya. Yarinya ce, za ta sunkuyar da kai gaban likita. Zauna kusa da ita har ta faɗi abin da ta gani.

Sannan kunyar ɗan fari al'ada ce, shari'a ba ta hana uwa kiran ɗanta ko yi masa hira ba. Na sha ganin yaran mata suna goyo yini guda ba su ce wa ɗan uffan ba don gudun surukai. A bakinta zai koyi magana. Lallashi Inna da ladabi ta sakar mata fuska a kan wannan.

Wallahu a'alam.